Waiwaye: Takardar Maganin da Ta Kasa Tsallaka Titi

Har zuwa ƙarshen watan Agustan 2023, idan likita a Amurka ya tura wa majinyaci takardar maganin kashe zafi mai ƙarfi ta kwamfuta zuwa wani kantin magani, majinyacin ya je aka ce masa maganin ya ƙare, to ya shiga uku. Mai harhaɗa maganin zai iya sanin cewa kantin da ke tsallaken titi yana da shi jibge, zai iya ma ɗaga waya ya tabbatar, amma ƙa'idojin gwamnatin tarayya ba su tanadar masa hanyar miƙa takardar can ba. Abin da zai ce kawai shi ne a koma wurin likita, ya soke wannan, ya rubuta sabuwa, ya tura inda ake so. Idan abin ya faɗo da yammacin Juma'a an rufe ofishin likita, sai Litinin. Wanda aka yi wa tiyata ranar Laraba kuwa, ciwonsa bai san ana hutun ƙarshen mako ba.

Ranar 28 ga Agusta, 2023 ne sabuwar ƙa'idar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, DEA, ta fara aiki, ta ba kantuna damar miƙa wa juna irin wannan takarda idan majinyaci ya nema. Gyara ne ɗan ƙarami. Sai dai an shekara 13 ana jiransa, kuma yadda aka yi har jiran ya kai haka shi ne ya sa na ga ya kamata a waiwaya.

Tushen maganar yana can 1914, shekarar da majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar Harrison. Kafin nan ana sayar da magungunan da aka haɗa da ofiyom da mofin da koken ba tare da wata takarda ba, har da ruwan maganin da iyaye mata ke ɗiga wa jarirai masu fitar haƙori. Dokar ta zo da sunan haraji, amma abin da ta kafa a zahiri rajista ce. Duk likita da mai kantin maganin da ke taɓa waɗannan ƙwayoyi sai ya yi rajista, ya ajiye lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita. Tun daga lokacin takardar likita ta tashi daga saƙo tsakanin likita da mai haɗa magani, ta koma shaidar da jami'in gwamnati zai iya zuwa ya ce a nuna masa. A Oktoban 1970 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan dokar da ta tattara tarkacen dokokin baya wuri guda, ta kasa magunguna masu sa maye ko kamu zuwa rukuni biyar. A 1973 aka kafa DEA ta zama mai gadin wannan tsari.

Rukuni na ɗaya ba ruwan kantin magani da shi, can ne aka jefa irin su heroin da LSD waɗanda likita ba ya rubutawa. Na biyu shi ne inda rigimar take: mofin, oksikodon, fentanil, da magungunan larurar rashin natsuwa ta ADHD kamar Adderall da Ritalin. Har koken ma a nan yake, domin likitocin hanci da maƙogwaro na amfani da shi wajen kashe wurin da za su yi aiki. Takardar wannan rukuni sau ɗaya ake karɓar magani da ita, idan ya ƙare sai sabuwa. Na uku da na huɗu, inda ake samun Valium da Xanax da tiramol, likita na iya ba da izinin a sake karɓa har sau biyar cikin wata shida. Na biyar kuma su ne masu sauƙi, kamar ruwan maganin tari mai ɗan kodin kaɗan.

To, tun da daɗewa akwai ƙa'idar miƙa takarda daga kanti zuwa kanti, amma ta tsaya ne a kan ragowar karɓa na rukuni na uku zuwa na biyar. Yana da kyau a ga yadda ake yinta, domin a nan ake gane abin da masu dokar ke tsoro. Mutum ya tashi daga wani gari ya koma wani, yana da sauran karɓa uku a takardarsa. Mai harhaɗa magani na sabon kanti zai kira na tsohon, kuma dole su biyun su kasance masu lasisi, yaron kanti ba ya shiga wannan magana. Na tsohon kanti zai ɗauko takardar ya rubuta a fuskarta cewa an soke ta, a bayanta ya sa sunan kantin da ya karɓa da adireshinsa da lambar rajistarsa ta DEA da sunan wanda ya yi magana da shi da kwanan wata. Na sabon kanti shi ma zai rubuta cewa miƙo ta aka yi, ya ɗauki ranar da likita ya rubuta ta, da ranar da aka fara ba da maganin, da yawan karɓar da aka ba da izini, da wadda ta rage. Kowannensu ya ajiye wannan bayani shekara biyu. Sau ɗaya tak ake yin haka, sai fa idan kantunan biyu na amfani da rumbun bayanai guda da ke nuna komai nan take, kamar rassan kamfani ɗaya. Duk wannan ɗawainiya saboda abu ɗaya ce: kada takarda guda ta rayu a wuri biyu, mutum ya karɓa nan ya karɓa can.

Wannan tsoro yana da hujja, ba na musu. Abin lura shi ne ƙa'idar ba ta ce komai ba game da takardar da ba a taɓa karɓar magani da ita ba. Kuma shekaru da yawa babu wanda wannan giɓi ya dama, saboda takardar ta gaske ce, tana hannun mai ita. Ka miƙa wa mai kanti, ya duba kanta ya ce babu, ya maido maka, ka ninke ka sa a aljihu ka gangara kanti na gaba. Ƙafar majinyaci ce ke yin aikin da doka ba ta rubuta ba. Wannan 'yanci ne da ba a taɓa sa masa suna ba, shi ya sa ranar da ya ɓace ba a farga da wuri ba.

Takarda fa tana da nata aibin. Ana sace kundin takardun likita daga ofis, ana kwaikwayon sa hannu, ana ƙara sifili a gaban 10 ta koma 100, ga rubutun likitoci da wani lokaci sai an yi duba kafin a karanta. Saboda haka a 2010 DEA ta fitar da ƙa'idar da ta halatta rubuta waɗannan magunguna ta kwamfuta, ta fara aiki ranar 1 ga Yuni. An tsaurara ta sosai. Kafin likita ya tura sai ya tabbatar da cewa shi ne ta hanya biyu daga cikin uku: kalmar sirri da ya sani, ko wata 'yar na'ura da ke hannunsa, ko shaidar jikinsa kamar zanen yatsa. Daga nan takardar ta wuce kai tsaye cikin kwamfutar kantin da aka zaɓa, majinyaci bai ko gan ta ba. Da farko zaɓi ne. Jihar Niyok ta mai da shi dole a Maris na 2016, wasu jihohi suka bi, sannan dokar tarayya ta 2018 ta wajabta shi ga magungunan da inshorar tsofaffi ta Medicare ke biya. Mai satar takarda ya rasa abin sata. Amma an tsara yadda takardar za ta shiga kanti, an manta da yadda za ta fita idan kantin ba shi da kaya.

Me ya sa aka daɗe ba a gyara ba? A ganina amsar tana cikin zamanin da abin ya faɗo. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da maganin kashe zafi na OxyContin kasuwa, yana gaya wa likitoci cewa haɗarin kamu da shi kaɗan ne. A 2007 wani kamfani mai alaƙa da shi da wasu manyan jami'an Purdue uku suka amsa laifin yaudara a tallar maganin, aka ci su tarar sama da dala miliyan 600. Kafin nan ɓarna ta riga ta yi nisa, kuma ba ta tsaya ba. A ƙarshen 2016 wani ɗan jarida a jihar Bajiniya ta Yamma, Eric Eyre na jaridar Charleston Gazette-Mail, ya bankaɗo cewa cikin shekara shida kamfanonin rarraba magani sun zuba ƙwayar haidirokodon da oksikodon miliyan 780 a jihar da mutanenta ba su kai miliyan biyu ba. Wani ɗan gari mai suna Kermit, mai mutum wajen 400, kantin magani guda a cikinsa ya karɓi ƙwaya kusan miliyan 9 cikin shekara biyu. Rahoton ya ci kyautar Pulitzer a 2017. A irin wannan yanayi, jami'in da ya tashi ya ce a sassauta wata ƙa'ida ta rukuni na biyu, ko da sassaucin bai wuce tsallaka titi ba, ya san irin kallon da za a yi masa.

Sai dai a duba ta inda ƙwayoyin Kermit suka bi. A manyan motoci suka zo, daga rumbunan kamfanoni masu rajista, da takardun oda cikakku, likitoci masu lasisi suka rubuta, kanti mai lasisi ya raba. Ko ɗaya ba ta bi ta hannun majinyacin da ya nemi a mayar masa da takardarsa wani kanti ba. An bar jaki ana dukan taiki. Wannan shi ne abin da nake ganin ya fi cancanta a riƙe daga labarin nan: tsauri a kansa ba laifi ba ne, inda aka ɗora shi ne abin tambaya.

Akwai misalin da ya nuna haka ta ɗaya ɓangaren, don kada a ɗauka ina goyon bayan a saki komai sakaka. Lokacin da OxyContin ya fito, jihohi biyar, Kalifoniya da Idaho da Illinois da Niyok da Tekzas, suna da wani tsohon tsari mai gajiyarwa. Duk likitan da zai rubuta maganin rukuni na biyu sai ya yi amfani da takarda ta musamman mai kwafi uku: ɗaya tasa, ɗaya ta kanti, ɗaya ta gwamnatin jiha. Kalifoniya ta fara sa ido irin wannan tun 1939. Likitoci sun tsani tsarin, domin kowa ya san akwai mai karanta abin da ya rubuta. Wasu masana tattalin arziki da suka bi takardun cikin gida na Purdue daga baya sun gano cewa kamfanin ya lura da wannan, ya karkata tallarsa zuwa sauran jihohi, kuma yaɗuwar maganin da hauhawar mutuwa sun fi sauƙi a jihohin nan biyar shekaru masu yawa bayan haka. Wancan tsauri ya zauna a kan alƙalamin likita, wato daidai inda ruwan ke ɓullowa, ya kuwa ceci rayuka. Hana miƙa takarda kuma ya zauna a kan ƙafar majinyaci, bayan likita ya riga ya duba ya yanke hukunci, kwamfuta ta riga ta tabbatar da cewa shi ya rubuta. Ban ga ran da wannan ya ceta ba.

Cikin waɗannan shekaru zoben ya ci gaba da matsewa. A Agustan 2014 aka sa tiramol a rukuni na huɗu. A ranar 6 ga Oktoba na shekarar aka ɗauke magungunan haidirokodon, waɗanda a lokacin suna sahun gaba cikin magungunan da aka fi rubutawa a ƙasar, daga rukuni na uku zuwa na biyu. Dare ɗaya sababbin takardun miliyoyin mutane suka rasa damar sake karɓa da damar miƙawa. Masu kantuna su ma sun tsorata, domin doka ta ce alhakin tabbatar da ingancin takarda ba na likita kaɗai ba ne, mai harhaɗa magani ma yana da nasa kaso. A 2012 DEA ta ƙwace rajistar rassa biyu na kamfanin kantunan magani na CVS a garin Sanford na jihar Fulorida. A 2013 takwaransa Walgreens ya biya dala miliyan 80. A ƙarshen 2022 CVS da Walgreens da Walmart suka amince su biya sama da dala biliyan 13 don sasanta ƙararrakin jihohi da ƙananan hukumomi. Wanda ya ga haka ba zai yi abin da ba a rubuta masa ƙarara cewa ya halatta ba. Shirun doka ya koma hani.

Abin da ya fito da giɓin fili, abin mamaki, ba maganin kashe zafi ba ne. A Oktoban 2022 hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta sanar da ƙarancin Adderall. Kamfanin Teva, babban mai yinsa, ya samu tsaiko a masana'anta, buƙata kuma ta hau tun lokacin korona da aka sassauta ganin likita ta bidiyo. DEA ce ke ƙayyade yawan sinadarin da kamfanoni za su sarrafa kowace shekara, sai aka shiga nunin yatsa: hukumomi na cewa kamfanoni ba su ma cika kason da aka ba su ba, wasu kamfanoni na cewa kason ne ya ɗaure su. Masu shan wahalar dai iyaye ne da ɗalibai da ma'aikata.

A ce uwa ce mai ɗa ɗan shekara tara. Likita ya tura takardar wata zuwa kantin unguwarsu, ta je aka ce babu, ba a kuma san ranar zuwansa ba. Ta koma mota ta fara kiran kantuna ɗaya bayan ɗaya. Wasu su ce, "Yi haƙuri, ba ma faɗin abin da muke da shi ta waya," saboda tsoron 'yan fashi da masu yawon neman ƙwaya. Can ta samu wanda ya ce yana da shi, amma ba zai ajiye mata ba sai takarda ta iso. Ta kira ofishin likita, na'ura ta amsa, ta bar saƙo. Washegari ma'aikaciyar jinya ta gani, likita ya fito daga ganin marasa lafiya ya soke ta farko ya tura sabuwa. Kafin uwar ta isa, wani ya riga ta. Idan kuma kantin farko ya ce yana da ƙwaya 10 daga cikin 30 ta karɓa, ƙa'idar rashin kaya ta ce sai an cike ragowar cikin awa 72, in ba haka ba ragowar ta tafi sai sabuwar takarda. Wata mai zuwa a sake daga farko, domin takardar rukuni na biyu ba ta maimaituwa. Likitoci ma sun koka da lokacin da ke tafiya wajen sokewa da sake turawa.

DEA ta riga ta gabatar da daftarin gyaran tun Nuwamban 2021, ta wallafa na ƙarshe ranar 27 ga Yuli, 2023. Ga abin da ya fi jan hankalina cikin hujjojinta: hukumar da kanta ta ce tsohuwar hanyar na iya haifar da takardu biyu masu rai, idan likita ya tura sabuwa amma ta farkon ba ta soku a kwamfutar kantin farko ba. Wato abin da aka gina dukkan ƙa'idar miƙawa don hanawa, shi ne rashin hanyar miƙawa ke jawowa. Likita mai gaggawa, ofis cike da jama'a, mantuwa ɗaya ta isa. Miƙawa kai tsaye kuwa tana kashe takardar a nan a daidai lokacin da ta rayu a can.

Mu a nan Najeriya matsalarmu ta sha bamban, kusan ma kishiyar tasu ce. Takarda na hannun majinyaci, yana yawo da ita kemis-kemis, sau da yawa ma ba a tambayarsa ita. Kowa ya tuna yadda rahoton BBC a kan ruwan kodin ya girgiza ƙasa a 2018, gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu, kuma kowa ya san inda tiramol ya kai matasanmu. Duk da haka a ƙasar da ƙwaya ke yawo a kwali-kwali, mai ciwon daji na iya kwana yana murƙususu an rasa mofin a asibiti. Asibitocinmu sun fara komawa kwamfuta. Duk wanda za a ba aikin rubuta mana irin waɗannan ƙa'idoji, ina fata ya zauna da mai jinyar da ya taɓa zagaye gari da dare yana neman allura guda, ya tambaye shi me zai yi idan takardar ba ta aljihunsa.

Ita kanta sabuwar ƙa'idar Amurka ba ta kwance komai da komai ba. Ta shafi rukuni na biyu zuwa na biyar, amma sai takardar da aka turo ta kwamfuta, kuma dole ta wuce a yadda take, ba a juya ta zuwa faks ko kiran waya, ba a canza ko harafi. Majinyaci ne zai nema, ya faɗi sunan kantin da yake so. Masu harhaɗa magani biyu masu lasisi ne za su yi magana, kowa ya ajiye bayani shekara biyu. Idan akwai ragowar karɓa a rukuni na uku zuwa na biyar, duk sun bi takardar zuwa sabon kanti. Sannan sai idan dokar jiha ta yarda, domin a Amurka inda ta tarayya da ta jiha suka saɓa a wannan fanni, wadda ta fi tsauri ake bi. Ga kuma manhaja: ranar da ƙa'idar ta fara aiki, kwamfutocin kantuna da yawa ba su iya tura wa na wani kamfani irin wannan takarda ba, don haka mutane suka riƙa jin amsar da suka saba ji, wannan karon da sabon dalili.

Kuma sau ɗaya tak ake miƙawa. Idan aka tura kanti na biyu aka tarar shi ma ya ƙare, sai ofishin likita. Shi ya sa shawarar da masu harhaɗa magani ke ba mutane ita ce kada ka nemi a tura sai ka kira ka tabbatar kantin yana da maganin, da ƙarfin da aka rubuta maka, da yawan da kake buƙata. Da yawa daga cikin kantunan kuwa har yanzu ba sa faɗin haka ta waya.